Na Bisa Dutse da Na Gindin Dutse: Waiwaye Daga Gider Zuwa Waza

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa duwatsu a bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa da muke haɗa sahu a wannan masallaci, da ku ɗalibanmu na islamiyya, a wannan fitowa za mu waiwayi tarihi, kuma ba tarihin nesa ba. Duk wanda ya fito daga sallar Asuba a Gider gari ya fara haske, in ya ɗaga kai ya dubi yamma da arewa, zai hangi duwatsu sun yi jerin gwano. Mun saba da su har ba ma ganinsu. Abin da ya sa muka ɗauko zancensu kuwa shi ne, kwanakin baya a bakin makaranta muka ji wasu yara biyu suna cacar baki, ɗaya ya ce wa ɗayan jikan arnan dutse. Dukansu allo ne a hannunsu, dukansu sura ɗaya suke biyawa. Mun raba su, amma maganar ta ƙi fita daga ranmu, domin yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan zagi, a gida ya ji shi. To, bari mu bi sawun wannan kalma mu ga wa ya hau dutsen nan, yaushe, kuma me ya kore shi.

Mu fara da dutsen kansa. Da yawa daga cikin duwatsun nan masu kama da ƙwarya a kife, irin dutsen nan ne mai tauri mai ɗigo-ɗigo da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, wanda 'yan lekol ke ce wa giranit. Masana ilimin ƙasa sun ce asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a hankali can cikin ƙasa. Ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasa mai laushi da ta rufe shi, shi kuwa saboda taurinsa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili. Da nauyin da ke danne shi ya kau, ga zafin rana ga sanyin dare, sai ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Shi ya sa kansa ya yi sumul, ɓaraguzan kuma suka taru a gindi, manya-manya, wani kan wani, da koguna da lunguna a tsakaninsu. Sannan ruwan sama ba ya shiga falalen dutse, gangarowa yake yi ya taru a ƙasan gindi, a nan ake samun rijiya marar zurfi da ƙasar noma mai laima. Abu biyu ke nan: maɓuya a sama, ruwa a ƙasa. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya gane dalilin da ya sa kusan kowane tsohon gari a ƙasar nan yake jingine da dutse, kamar Mindif, da Balda, da Mora, da Waza, har Garwa da dutsen Tingilin a bayanta.

Alƙur'ani mai girma ya umarce mu da duban duwatsu a Suratul Gashiya, a Suratu Faɗir kuma ya ambaci launukansu. Wanda ya taɓa sauka kwazazzabon Kola da rani, nan kusa da mu, inda Mayo Luti ya tsaga dutse ya goge shi ya yi santsi, ya ga baƙi da ratsin fari da idonsa, ba ya bukatar dogon tafsiri. Amma ayar da ta fi shafar zancenmu na yau tana cikin Suratun Nahli, inda Allah Ya lissafa mafakar duwatsu a cikin ni'imominSa ga bayi. Kuma kun san inda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a farkon Hijira: kogon dutsen Saur ne. Saboda haka Musulmi shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi wa wani gori da cewa kakansa ya fake a dutse.

Kuskure na farko da muke yi shi ne zaton cewa duk wanda ke bisa dutse gudu ya yi. Ba haka ba ne. Mutane sun zauna a duwatsun Mandara tun kafin a san za a yi Yola. A yankin Koza da Mokolo akwai tsofaffin gine-gine na duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, masu matakala da hanyoyin shiga, Mafa suna kiransu Diy-Gid-Biy, wato kufan gidan sarki. Sun girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru, kuma a 2025 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya, kamar yadda ta sa Sukur da ke ɗaya gefen iyaka, a ƙasar Madagali, tun 1999. Kusa da mu kuma, a Bidzar, kan hanyar Marwa bayan an wuce Figil, akwai zane-zanen da mutanen dā suka sassaƙa a kan falalen farin dutse, da'ira cikin da'ira. Aikin fasa dutse don siminti da farar ƙasa yana yi musu barazana, mu kuwa da muke maƙwabtaka da su akasarinmu ba mu taɓa tsayawa mun duba ba.

Waɗannan mutane ba zaman banza suka yi ba. Sun mai da jikin dutse gona, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Suna juya dawa da gero, suna tara taki, suna kiwon sa a cikin ɗaki har ya yi ƙiba. Suna tara baƙin yashi daga rafi su narka shi su fitar da ƙarfe, kuma ƙarfen nan shi ne ke gangarowa kasuwannin fili ya zama fartanya da mashi da linzami. A namu yankin, Fali ne suka riƙe duwatsu huɗu da aka san su da su: Tingilin, da Kangu, da Peske-Bori, da Bosum. Daba suna arewa, wajen Musgoy. Gidar kuwa, waɗanda garin nan ke ɗauke da sunansu, sun fi zama a fili da gindin ƙananan duwatsu irin na Lam da Bidzar.

Ga wani abu da zai ba ɗalibai mamaki. Masana harshe sun tabbatar cewa Hausa da Gidar da Daba da Mafa da Wandala duk dangi ɗaya ne, ana kiransu harsunan Cadi. Ku tambayi abokinku Bagidare ya ƙirga muku. Inda muke cewa uku zai ce hoku, inda muke cewa huɗu zai ce poɗo, Mafa kuma su ce faɗ. Ba aro ba ne, gado ne daga tushe ɗaya. Wato dai a wajen harshe Bahaushe ya fi kusa da mutumin dutse fiye da yadda yake kusa da Fulatanci, duk da cewa da Fulatancin muke ciniki a kasuwa kullum.

Musulunci ya fara kafuwa a gindin duwatsun nan ta arewa, ta hanyar Barno. Masarautar Wandala, wadda muke cewa Mandara, ta yi hedikwata a Kerawa, sannan Dulo, sannan Mora, kuma duk ukun a jikin dutse suke. Imam Ahmad ibn Furtuwa, limamin Mai Idris Alauma, ya ba da labarin yadda mai riƙe da Kerawa ya haye dutse da rundunar Barno ta zo masa, a ƙarni na 16. A farkon ƙarni na 18 sarkin Wandala Bukar Aji ya karɓi Musulunci. Da Modibbo Adama ya kai wa Dulo yaƙi a farkon jihadi, sarkin Wandala, Musulmi ɗan Musulmi, dutsen Mora ya nufa, a nan kuma masarautar ta zauna daga baya. Ku riƙe wannan: ba a tambayar addinin mai gudu a bakin kogo.

Modibbo Adama, Allah Ya jiƙansa, ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809. Ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ƙasar da ya shugabanta ana ce mata Fombina, wato kudu. A ƙarƙashin tutarsa ardo-ardo na Fulani suka kafa lamidoci da yawa, Garwa, da Marwa, da Mindif, da Bogo, da Bibemi, da Golombe, kuma a rabin farko na wannan ƙarni Gider ma ta shiga hannun Yola. Alherin da ya biyo baya ba mai musunsa: masallatai, alƙalai, makarantun allo, hanyoyin fatauci da suka haɗa mu da Kano da Sakkwato da Kukawa. Ta waɗannan hanyoyi kakannin Hausawan garin nan suka iso, wasu da jakuna da tufafi, wasu da gafaka da tawada, wasu da wuƙar fawa. Ku saurari sarautun fadar lamiɗo, Galdima, Sarkin Fawa, Sarkin Shanu, Sarkin Yaƙi, ko da an lanƙwasa su da harshen Fulatanci za ku ji sawun Hausa a ciki.

To amma ƙarfin lamidocin nan doki ne, doki kuwa sarkin fili ne kawai. Da ya iso gindin dutse ya zama kaya. Mahayi sai ya sauka, ga lifidi ga zafi, ya hau da ƙafa ta lungun da mutum ɗaya kaɗai ke iya bi, ana sako masa kibiya mai dafi da gangaren duwatsu daga sama. Shi ya sa taswirar ƙasar nan ta rabu biyu a ƙarni na 19: fili na masu doki, dutse na masu baka. A wannan lokaci ne waɗanda suke zaune a fili da yawa suka bar gonakinsu suka haye, suka cunkushe da waɗanda suka tarar. Fali sun shige duwatsunsu. Daba na Musgoy kuwa sun koyi hawan doki su ma, suka kafa sarautar da lamidoci ba su iya haɗiye ta ba. Wasu ƙauyuka sun ƙulla amana, suna ba da wani abu duk shekara a bar su. Kasuwa kuma ba ta mutu ba, a gindin dutse ake haɗuwa, ƙarfe da hatsi su sauko, gishiri da kanwa da ƙyalle su hau.

Yanzu mun zo wurin da harshe ke nauyi, amma wanda ya ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Da tafiya ta yi nisa, hare-hare da yawa da aka kai wa duwatsun nan ba don kiran kowa zuwa ga addini aka kai su ba, don kamun bayi ne. Ana fakon mata a bakin rijiya, ana fakon manoma da suka sauko gona da damina. Bayi su ne harajin da ake aikawa Yola, daga Yola zuwa Sakkwato, su ne ke noma a rumada, su ne kuɗin sayen doki. Mu Hausawa kuma kada mu ɗaga kafaɗa mu ce aikin masu sarauta ne. Wa ke saye? Wa ke kora ayari zuwa kasuwannin yamma? Fatakenmu suna ciki dumu-dumu, hauren giwa a gaba, mutane a baya. Kuma mai neman bayi ba ya son dutse ya musulunta, domin ranar da suka yi kalmar shahada ranar kasuwarsa ta mutu.

Wannan magana ba daga bakin maƙiya muka ɗauko ta ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, tun jihadi yana ɗanye ya hangi inda wasu suka dosa. A 1807 ya bar runduna ya nufi gabas, ransa a ɓace, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a. A Tazyinul Waraƙati ya koka da mutanen da burinsu ya koma mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawaki. In Malam Abdullahi ya faɗi haka a kan mutanen da suka ga Shehu da idonsu, me zai ce da abin da aka yi bayan shekara ɗari? Ga misali a rubuce. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya sa magatakardansa suna rubuta masa abin da ya faru kullum, da Larabci, daga 1912 zuwa 1927. A ciki ya lissafa hare-haren da ya aika duwatsun Mandara da bindigogi, da shanun da aka kwaso, da mutanen da aka kamo, adadinsu ya haura dubu. Turawan Ingila suka kama shi a 1927, ya rasu a 1929. Ku lura da shekarun nan. Ba zamanin tatsuniya ba ne, zamanin kakannin dattawan da ke sahun gaba ne, kuma da yawa daga ciki an yi su ne lokacin da Turawa ke taƙamar sun hana bauta. Har yau a ƙauyukan Mafa sunansa bai ɓace daga bakin tsofaffi ba. In ka je wa'azi wani ƙauye ka ga dattijo yana kallon rawaninka da wani irin ido, to ka san ba kai ka fara zuwa da rawani wurin ba.

Sunayen da aka laƙaba wa mutanen dutse su ma suna da tarihi. Kirdi ta fito ne daga bakin mutanen Barno da Larabawan Shuwa, Faransawa suka ɗauka suka zuba ƙabilu barkatai a cikinta kamar buhu ɗaya. Da Fulatanci kuwa ana cewa kaaɗo, jam'i haaɓe. To, ɗan'uwa Bahaushe, ka san wannan kalma. Ita ce Haɓe, wadda aka kira sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da ita. Sunan da kake jifan maƙwabcinka da shi, da shi aka kira kakanka.

Daga nan sai rana ta juya, waɗanda suka saba kora suka fara neman dutse. Na farko da za mu ambata jinin Shehu ne kansa: Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya baro Sakkwato ya zauna Yola, sannan wajen 1882 ya wuce arewa ya sauka Balda, wani gari a gindin dutse a ƙasar Bogo, gabas da Marwa. A can ya yi mubaya'a ga Muhammad Ahmad na Sudan wanda ya ce shi ne Mahadi, jama'a suka yi ta kwararowa gare shi. Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau gadon Yola a 1890, ya fito ya yaƙe shi a 1893, Hayatu ya rinjaye shi a fagen fama, amma Balda ta ƙone. Hayatu ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, suka ci Barno tare, daga baya zama ya yi tsami, aka kashe shi a 1898 yana ƙoƙarin fita daga Dikwa. Rabe shi ma ya faɗi a Kuseri ranar 22 ga Afrilu 1900. Duka waɗannan masu sallah ne suke zubar da jinin masu sallah, kuma darasin da'awar Mahadi babi ne mai zaman kansa da za mu buɗe wani lokaci in Allah Ya yarda.

Shi kuwa Lamiɗo Zubairu, Turawan Ingila suka fitar da shi daga Yola a watan Satumba 1901. Ya tsaya wa Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, ya sake tsaya musu kusa da Marwa a watan Janairu 1902, bindiga mai ruwa ta karya dawakinsa sau biyu. Mutumin da dukan Fombina ke kai wa gaisuwa ya koma yawo da 'yan tsirarun mabiya daga wannan tsauni zuwa wancan, har aka kashe shi a 1903 a ƙasar Lala. Allah Ya gafarta masa, ya ƙi miƙa wuya ga Nasara har ƙarshe, wannan kam ba a ƙwace masa.

Jamusawan da suka kore shi fa? Shekara goma sha biyu kacal, sai ga su su ma suna hawa. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a watan Agusta 1914, kwamandansu na Mora, Kyaftin von Raben, ya kwashe sojojinsa, akasarinsu baƙaƙen fata, ya haye dutsen Mora, dutsen nan dai da ya ɓoye sarkin Wandala. Ingilishi da Faransawa suka kewaye shi da igwa. Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, sauran Kamaru ta bi, shi yana sama. Bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan wata goma sha takwas, kuma shi ne sansanin Jamus na ƙarshe da ya sallama a ƙasar nan. Mutanen ƙauyukan dutsen, waɗanda ba su san abin da ya haɗa Jamus da Faransa faɗa ba, su ne aka ci hatsinsu aka sa su ɗaukar kaya.

Saukowa daga dutse kuwa a hankali ta zo, kuma ba duka da son rai ba. Faransawa suna son mutane a inda za a ƙirga su a karɓi haraji, ƙauyen da ya ƙi biya a aika masa sojoji. Farar da ta cinye amfanin gona ta jawo yunwar 1931, ta koro mutane da yawa zuwa fili neman abinci. Daga shekarun 1950 auduga ta shigo, ga gyaɗa, dukansu amfanin fili ne, kuma su ne suka cika kasuwar Gider. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ta matsa wa na bisa su sauko. A waɗannan shekaru ne Fali da Gidar da Daba masu yawa suka shiga Musulunci, wasu kuma suka bi mishan, waɗanda suka buɗe makarantu da asibitoci a ƙauyukan da mu ba mu taka ba. Ana cewa wasu sun musulunta ne don sarauta ko aikin gwamnati ko sauƙin ciniki. Wataƙila. Amma mun san tsawatarwar da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi wa Usama ɗan Zaidu a kan hukunta abin da ke cikin zuciyar wanda ya furta shahada. Abin da ido ke gani shi ne, 'ya'yansu da jikokinsu yau su ne limamai da ladanai da mahaddata a cikinmu. Kuma a ganinmu, abin da doki ya kasa yi a shekara ɗari, maƙwabtaka da auratayya da makarantar allo sun yi shi cikin shekaru kaɗan da tsoro ya kau.

Saura mu ƙarasa hanyar zuwa arewa. In ka wuce Marwa ka wuce Mora, ƙasa ta baje kamar tabarma, sai can kimanin kilomita 120 daga Marwa ka hangi duwatsun Waza sun ɓullo su kaɗai, garin yana gindinsu. Nan ne ƙofar gandun daji mafi suna a Kamaru. Faransawa suka keɓe shi a 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968, UNESCO ta amince da shi a 1979, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700. Giwa, raƙumin dawa, zaki, gwanki, jimina, duk suna ciki. A jikin dutsen aka gina masaukin baƙi, don mai kuɗi ya zauna a sama ya kalli daji. Karo na farko ke nan a tarihin da muke bi da aka hau dutse don nishaɗi.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a shari'a, sunansa hima. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Amma ɗaliban da suka kai ƙarshen Muwaɗɗa sun san wasiyyar da Umar ya yi wa Hunayyu, mai tsaron himar: ya sassauta wa mai 'yan dabbobi kaɗan, ya tsare garken attajirai, domin attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gona, talaka kuwa ba shi da inda zai koma. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane gandu. A Waza makiyaya da masunta da ke kewaye su ne suka ɗauki nauyin iyakar, giwa ta fito ta ci gonarsu, su kuwa ba su da ikon shiga. Da aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar Logon da ke shayar da fadamun yankin ta ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya ja baya, dabbobin gandu da na makiyaya suka sha wuya tare, sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya. Ba muna cewa a saki daji a cinye ba ne, wanda ya ji yadda mafarauta suka karkashe giwaye a gandun Buba Njida a 2012 ba zai faɗi haka ba. Muna cewa ne a tambayi na gindin dutse kafin a ja layi.

Baƙin ma yanzu sun ɗauke ƙafa. Tun da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai kusa da Dabanga a watan Fabrairu 2013, bayan sun fito daga Waza, yawon buɗe ido ya durƙushe, masu yi wa baƙi jagora da masu sayar musu da kaya suka rasa abin yi. A 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, suka mai da duwatsunta maɓuya. Tun kafin nan an buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo don 'yan gudun hijira. A ƙauyukan bakin iyaka na Mayo Canaga da Mayo Sava, mutane suka koma yin abin da kakanninsu suka yi zamanin Hamman Yaji: su yi noma da rana, magariba ta yi su ɗauki tabarma da yara su haye cikin duwatsu su kwana. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai mai bin addinin gargajiya, kuma masu korarsu suna kabbara. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mai da kowa gidansa.

Game da yaran nan biyu, mun zauna da iyayensu, an fahimci juna. Ga ɗaliban aji na sama kuma akwai aiki. Wani Bafaranshe da ya yi mulki a nan, Jak Lestiringan, ya rubuta tarihin ƙasar Gider a 1964, marigayi Eldridge Mohammadu kuma ya zagaya fadodin lamidoci ya tattara abin da dattawa suka faɗa masa. Amma akasarin wannan da Faransanci yake, kuma muryar fada ta fi yawa a ciki. Kowannenku ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Bafali ko Bagidare, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi daga ina kakansa ya zo garin nan, da ƙafa ko bisa doki, kuma me ya baro. Ku rubuta da boko ko da ajami, yadda aka faɗa muku, kada ku gyara don ya yi daɗi, ku kawo wa malaminku.

Masu son zuwa Kola su ga ratsin dutsen da muka ambata, su je da rani, tare da babba. Da zarar hadari ya fara haɗuwa ta wajen Mokolo kada kowa ya sauka, domin Mayo Luti daga can yake tasowa, ruwa yana iya cika kwazazzabon alhali ko ɗigo bai sauka a Gider ba.